Tambaya: awon maganaɗisu zai iya nuna girman ƙwayar ƙasa a Kumasi?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, bincikena kan ƙasar gefen titi ne, daga Kejetia zuwa Suame har unguwarmu Aboabo. Abin da ya dame ni yara nawa ne ke shaƙar ƙurar nan kullum, kuma mai laushin ce ke shiga huhu. Na ji ana cewa na'urar Bartington MS2, wadda ke auna yadda ƙasa ke amsa maganaɗisu, tana iya nuna ko ƙasa yashi ce ko laka ba sai ka zauna da rariya da haidiromita (abin auna laka a cikin ruwa) ba, gaskiya ne? Samfurina da yawa, lokaci kuma babu.

Malam Kwadaso:
Wa alaikumus salam ɗana. Eh ana yi, amma ka gane abu ɗaya tukuna, na'urar ba ƙwayar ƙasa take aunawa ba, ma'adinan ƙarfen da ke cikinta take ji, musamman magnatait, baƙin ma'adinin nan da maganaɗisu ke ja sosai. Za ka busar da ƙasar ka zuba a ɗan kofin nan na 10 cm³ ka auna sau biyu, a saurin kaɗawar maganaɗisu na 0.47 kHz sannan a na 4.7 kHz, bambancin da ke tsakani shi ne labarin. In bai kai kashi 2 cikin ɗari ba kusan babu ƙwayoyin nan masu tsananin ƙanƙanta da ba su kai 0.03 µm ba (µm ɗaya kashi ɗaya cikin dubu ne na milimita), in ya haura kashi 10 to su suka fi yawa, kuma irin waɗannan a cikin ƙasa suke samuwa ko bayan an ƙone daji, yawanci tare da laka suke tafiya, shi ya sa ake iya hasashen laka da su. Hasashe fa na ce. Laka ƙasa da 2 µm ce, yashi daga 63 µm zuwa 2 mm, wannan rariya da haidiromita ne kawai ke tabbatar maka.

Usta Magazin:
Malam ka yi mini uzuri ni ba ɗan boko ba ne, walda nake a Magazin, wajen makanikai na Suame. Amma yaro in ka zo wajenmu ka ja mayen ƙarfe a ƙasa sai ka ga ya yi baƙi ƙirin da garin ƙarfe, na gurinda, na birki, na tsatsa. Ƙasarmu yashi ce garas amma na'urarka za ta yi ta ihu, to me za ka rubuta?

Malam Kwadaso:
Usta ka faɗi ainihin matsalar wallahi. Ƙarfen mota da na walda manyan ƙwayoyi ne, lambar awon farko za ta tashi sama sosai amma bambancin ya faɗi ƙasa, babu ruwansu da laka. Jar ƙasarmu kuma duk jan nata hematait ne, wani ma'adinin ƙarfe da maganaɗisu ke janyo shi kaɗan ƙwarai, ɗan garin birki sai ya rufe shi. Don haka kar ka haɗa Suame da Aboabo a lissafi ɗaya.

Yaya Nima:
Ƙanena daga Accra nake, ka kula da lokacin ɗiba ma. Ƙurar hunturu daga Bodele ta ƙasar Chadi take tasowa ta sauka kan komai, in ka ɗebi rabi a Janairu rabi a Yuni ruwa ya wanke, ba ƙasa ɗaya ka auna ba. Kuma da cokalin roba, ba na ƙarfe ba.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai iyayena da Yaya. Kenan in ware wasu daga kowace unguwa in yi musu duka biyun, na'urar da rariya da haidiromita, inda lambobin suka tafi tare sai in bar na'urar ta ƙarasa sauran, na Suame kuma rariya kawai. Usta zan zo ranar Asabar in sha Allahu, a taimaka a nuna mini inda ake zubar da garin gurinda.