Abin da na tsinta a hirar manoma a kasuwar Dawanau

Tun bayan zaɓen 2023 zukatan mutanenmu ba su huce ba. Wanda gwaninsa ya faɗi yana jin ciwo, wanda nasa ya ci ma ya sha mamaki da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin dakon hatsi ya tashi. A rumfar masu gero a Dawanau na zauna da manoma, ga abin da suka fi nanatawa.

Wani dattijo ya fara da zumunci. Ya ce kada a daina gaisawa da maƙwabci saboda jam'iyya, domin ranar gayya ko jana'iza shi ne zai zo, ɗan takara yana Abuja. Wannan maganar ta shige ni, don na san gidajen da har yau wa da ƙane ba sa cin tuwo tare.

An fi daɗewa a kan ƙananan hukumomi. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, sai a je wa kansila da ciyaman a ƙungiyance, a tambaye su batun taki da hanyar fito da amfanin gona. Mutum ɗaya ana iya sallamarsa da dubu biyu, ƙungiya kuwa sai an ba ta amsa.

Katin zaɓe dai a adana shi, ko da an yi fushi. Wani matashi kuma ya roƙi iyayensa manoma kada su sayar da hatsinsu duka da kaka, su ajiye na ci har damina.