A rufe zauren WhatsApp na iyaye da malamai, ko a bar shi?

Malamar Aji Huɗu: Assalamu alaikum. Zan faɗi magana, na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Zauren WhatsApp ɗin nan da ake haɗa iyaye da malamin aji a ciki, ɓarnarsa ta fi amfaninsa, kuma da ni ce mai iko da tuni an rufe shi. Don sanarwa aka buɗe shi, yanzu ya koma kotu. Yaro ya dawo gida da ƙorafi, kafin uwarsa ta tambayi malami abin da ya faru ta riga ta saki saƙon murya na minti huɗu a gaban iyayen aji gaba ɗaya. Malami kuma ba shi da lokacin tashi daga aiki. Sha ɗayan dare ana tambayarsa a wane shafi jingar lissafi take, in bai amsa ba a ce ya ga saƙo ya share.

Baban 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Malama, kin faɗi naku, ki bari mu faɗi namu. Kafin zauren nan, ta yaya nake sanin abin da ke faruwa? Takardar da aka ba yaro ya kawo gida, sai bayan mako biyu a tsince ta a ƙasan jaka, ta jiƙe da ruwan gora. Sai ƙarshen zango a miƙo mini sakamako, in ga yaro ya faɗi lissafi, a ce ai tun farkon zango ba ya kawo jinga. To wa ya gaya mini? Yanzu kuwa ko tashi da wuri za a yi, ina sani kafin in fita.

Malamar Aji Huɗu: Sanarwar tashi da wuri ba ta buƙatar mutum arba'in su amsa da "mun gode Malama" ɗaya bayan ɗaya har ainihin saƙon ya nutse.

Maman Auta: Wannan kam gaskiya ne, har da ni a masu godiyar. Amma Malama, ki dubi irina da ke fita aiki tun safe sai dare. Taron iyaye da malamai ana sa shi ne a lokacin da ba zan iya zuwa ba. Wayar nan ita ce kawai ƙofata zuwa ajin ɗana. In kika rufe ta, waɗanda ke da halin zuwa makaranta da rana za su ci gaba da jin labari, mu kuma mu koma sai abin da yaro ya ga dama ya faɗa.

Mai Nazarin Ilimi: Ku ba ni dama in shigo, don an yi bincike a kan wannan, kuma bai goyi bayan kowa a cikinku ɗari bisa ɗari ba. A Amurka, Matthew Kraft da Todd Rogers sun wallafa wani gwaji a 2015, a kan ɗaliban sakandare da ke maimaita darussan da suka faɗi a lokacin hutu. Malamai suka riƙa aika wa iyaye saƙo ɗaya a mako, jimla ɗaya tak, a kan ɗansu. Waɗanda suka kasa cin darasin suka ragu daga kusan kashi 16 cikin ɗari zuwa kusan kashi 9. Kuma saƙon da ya fi tasiri shi ne wanda ya faɗi abin da yaro zai gyara, ba na yabo ba. Peter Bergman da Eric Chan ma sun gwada tura wa iyaye saƙon waya mako-mako a jihar West Virginia idan yaro ya ƙi kawo aiki ko ya tsallake darasi, faɗuwa ta ragu, zuwa aji ya ƙaru.

Baban 'Yan Biyu: To Malama, kin ji. Shi ke nan magana ta ƙare.

Mai Nazarin Ilimi: A'a Alhaji, kada ka yi saurin murna. Dubi abin da aka gwada: gajeren saƙo, zuwa ga uba ɗaya ko uwa ɗaya, a kan yaro ɗaya, a lokacin da aka tsara. Babu inda aka tara iyaye a zaure kowa yana tofa albarkacin bakinsa. Abin da ka ke yabo da abin da Malama ke kuka da shi, waya ɗaya suke shigowa amma ba abu ɗaya ba ne.

Tsohon Hedimasta: Mai nazarin nan ya faɗi gaskiya. Ni abin da ke damuna ma ba hayaniyar ba ce, yaron da aka cire daga tsakiya ne. A da, ɗaukar saƙo daga aji zuwa gida aikin ɗalibi ne: ya rubuta jinga a littafinsa, ya tuna ranar jarrabawa, in ya manta ya ɗanɗana kuɗarsa ya gyara. Yanzu ɗan aji shida ba ya ko kwafar abin da ke kan allo, don ya san malama za ta ɗauki hoto ta tura, uwarsa kuma za ta tuna masa. Mun sauke wa yaro nauyin da shi ne tarbiyyarsa, muka ɗora wa manya biyu da suka riga suka gaji.

Maman Auta: Ranka ya daɗe, ɗan shekara shida fa? Shi ma a bar shi ya ɗanɗana kuɗarsa?

Tsohon Hedimasta: Na ce ɗan aji shida, 'yata, ban ce ɗan shekara shida ba. Ƙanana a taimaka musu. Amma sai a riƙa janye hannu a hankali, kuma ban ga makarantar da ke janyewa ba. Zauren da aka buɗe a aji ɗaya shi ke bin su har sakandare.

Mai Gyaran Kwamfuta: Rabin kukan nan fa saiti ne kawai. Tun 2018 WhatsApp ya ba da damar a kulle zaure ta yadda masu kula da shi kaɗai ke iya tura saƙo. A kulle, godiyar mutum arba'in ta ƙare, kotu ta tashi. Abin da saiti bai magance ba shi ne sirri. A zauren da aka saba, kowa yana ganin lambar kowa, har da ta malama. Sannan malami ya ɗauki hoton takardar maki ta aji baki ɗaya ya tura, da sunan kowane yaro da abin da ya ci. Ko an goge bayan minti biyu, wani ya riga ya adana. Yaron da ya zo na ƙarshe, gidaje arba'in sun sani kafin ubansa ya dawo. A Tarayyar Turai, tun da dokar kare bayanai ta GDPR ta fara aiki a watan Mayun 2018, irin wannan na iya jawo wa makaranta matsala. Shi ya sa aka yi manhajoji na musamman: Remind na ɓoye lambobin waya, ClassDojo na barin malami ya sa sa'o'in da ba a damunsa, Google Classroom na tura wa iyaye taƙaitaccen bayani ta imel.

Kakar Marayu: Ɗan nan, jikata ce ke rubuta mini wannan. Duk sunayen da ka jero ban san ko ɗaya ba, kuma wayata ba za ta ɗauke su ba, kullum cewa take ta cika. Ni ba na karanta dogon rubutu. Saƙon muryar da Malama ke ƙi, da shi nake gane abin da ake ciki. In za ku gyara, ku gyara da irina a ranku.

Malamar Aji Huɗu: Allah ya ƙara girma, Hajiya. Ba saƙon murya nake ƙi ba, wanda ake yi mini faɗa da shi a bainar jama'a nake ƙi. Ke kam ko kira zan yi miki.

Mai Nazarin Ilimi: Kiran ma yana da hujja. Lokacin korona a 2020, da aka rufe makarantu wa yara sama da biliyan ɗaya da rabi, an yi gwaji a Botswana da ƙananan wayoyi. Wasu gidaje aka tura musu tambayoyin lissafi a rubuce kawai, wasu kuma aka haɗa musu da kiran waya na kamar minti ashirin a mako. Rubutu shi kaɗai bai yi wani tasiri a zo a gani ba. Waɗanda aka kira su ne suka ƙaru.

Baban 'Yan Biyu: Madalla. Ashe dai waya ba ta da laifi. A ci gaba da zaure, a ƙara da kira.

Malamar Aji Huɗu: Alhaji, wa zai yi kiran? Minti ashirin sau arba'in ya haura sa'a goma sha uku a mako, ban da koyarwa, ban da duba littattafai, kuma da wayata da katina. Duk shawarar da aka kawo tun ɗazu, a kan lokacin malami take sauka, kuma ba wanda ya ambaci hakan. Faransa ta ba ma'aikata 'yancin kashe wayar aiki bayan tashi tun 2017, Ostareliya ta bi a 2024. Ni ba doka nake nema ba. Makaranta ta sayi layi nata, ta rubuta wa iyaye cewa ana amsa saƙo daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza a ranakun aiki, ta kuma cire mini darasi ɗaya a mako don in kira gidajen da ke buƙata.

Maman Auta: In aka tsaida amsa a lokacin aiki, ni ina wurin nawa aikin a lokacin.

Malamar Aji Huɗu: Ki turo da daddare, ba wanda ya hana. Amsa ce za ta jira safiya.

Tsohon Hedimasta: Layin makaranta da kulle zaure, kowane shugaba zai amince a zama ɗaya, don ba su da tsada. Darasin da za a cire miki ne abin faɗa, domin sai an sami wanda zai shiga ajin a madadinki. Na zauna a kujerar nan, na san amsar da za a ba ki.

Baban 'Yan Biyu: Ni dai a kulle zauren ban ƙi ba, amma a bar mana wani namu na iyaye zalla. Akwai maganar da sai mun haɗa baki makaranta ke ji.

Malamar Aji Huɗu: Wancan ai kuna da shi tuntuni, Alhaji. Hotunan abin da kuke faɗa a cikinsa suna iso mu kafin a kaɗa ƙararrawar safe.