Tambaya: ƙaramin kan jirgi mai rubutun NCB, wace wuta za ni ba shi, kuma ya za ni yi da ƙura?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a, fatan kowa ya tashi lahiya. Don Allah masu sani ina neman taimako. Yayana da ka zaune Ingila ya aiko muna kaya, to cikin kwalin had da wani ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa na hannu da yas saya min can, don ya san ni da son irin waɗanga abubuwa tun muna yara muna ƙera mota da karan dawa da gwangwanin madara. Tsawonshi bai wuce tahin hannuna ba, kore na, an rubuta NCB ga jikinshi, ƙafa shidda gare shi ukku kowane ɓangare an haɗe su da sandan ƙarhe, kuma bai da taragon nan na ruwa da kwal da nika gani bayan manyan jirage cikin hoto, sai wani tanki da anka kihe bisa tukunyar tururin kamar sirdi bisa doki. Ga kwalin an rubuta OO. Akwai taragu huɗu buɗaɗɗu da guntayen dogo kaɗan amma babu abin ba shi wuta.

Wane irin jirgi na wanga kuma aikin mi shika yi ga asali? Sannan wace wuta za ni ba shi kada in ƙone shi, don sola muka aiki da ita gida. Wurin da ag gare ni bai wuce ƙafa 5 ba jikin bango, ko zai isa? Ga kuma ƙura, kun dai san Sakkwato in hunturu ya kama. Burina ɗiyana su ga yadda jirgi ka tahiya da idonsu tunda mu nan ba mu da dogo, kuma in da hali ina son wurin shi yi kama da ramin kwal na Inugu ba na Turai ba.

Injiniya Arkilla:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Lalle yayanka ya iya zaɓe. NCB ɗin nan tsohuwar hukumar kwal ce ta Birtaniya, ita ta karɓi ramukan kwal na ƙasar ran 1 ga Janairun 1947 da gwamnati ta maishe su hannunta. Yadda ka kwatanta shi, in dai ba ka ga silinda a waje kusa da ƙafafun gaba ba, to na fi zaton Hunslet Austerity ne a hannunka don shi aka fi yi wa kwafi. Kamfanin Hunslet na garin Lids ne ya zana shi, aka fara ƙera shi 1943 saboda sojoji lokacin yaƙin duniya na biyu, ana son inji mai ƙarfi mai sauƙin ƙira wanda ba ya buƙatar lallashi. Bayan yaƙi masu kwal suka yi ta saye, kamfanoni da yawa suka ƙera irinsa har 1964, jimilla 485.

Shi ba jirgin doguwar tafiya ba ne. Aikinsa cikin filin rami, ya turo taragun da babu kaya ƙarƙashin wurin da ake tankaɗe kwal a cika su, ya ja su zuwa ma'auni, sannan ya kai su inda babban jirgi zai zo ya ɗauka, haka zai wuni gaba da baya. Shi ya sa bai da taragon ruwa, tafiyar ba nisa kuma famfo na kusa, ruwan na cikin tankin da ka gani, kwal kuma ɗan akwati bayan ɗakin direba, kuma nauyin ruwan nan yana danna ƙafafun bisa dogo don kar su riƙa sulɓi in kaya ya yi nauyi ko dogo ya jiƙe. Gajartarsa kuma ita ke ba shi damar shan kwana mai tsanani, don dogon cikin rami ba shimfiɗar kirki gare shi ba. Wani abin da ke burge ni, babban layin Birtaniya ya daina aiki da tururi a Agustan 1968 amma waɗannan suka ci gaba da aiki cikin shekarun 1970, tunda kwal ɗin a bakin ƙofa yake. Duba bututun hayaƙin naka, in ka gan shi falalle ba zagayayye ba to irin wanda aka sa wa bututun Giesl ne don ya fi cin kwal da kyau.

OO kuwa ma'auni ne, milimita 4 a madadin ƙafa 1, wato an rage shi kusan sau 76, faɗin dogonsa milimita 16.5, daidai da na HO, wani ma'aunin ƙananan jirage, saboda haka in ka samu dogon HO zai hau ba matsala.

Ƙafa 5 ta ishe ka, kar ma ka wahalar da kanka da zagaye, zagaye na cin faɗin wajen ƙafa 3 kuma in ya yi ta kewaya yara za su gaji da kallo. Akwai tsarin da ake kira Inglenook, layi ɗaya ya rabu uku, ɗaya na ɗaukar tarago 5 sauran biyun 3 da 3, wurin da kan jirgi ke ja da baya kuma ya ɗauki shi da tarago 3. Da tarago 8 sai a zaɓi 5 a ce ka jera su bi da bi yadda aka zaɓa, ana iya samun jeri 6720 daban daban. Ainihin aikin da injin ke yi a rami ke nan. Maraba biyu kawai, wato guntun dogon da ke raba layi biyu, za ka saya da ƙarin tarago huɗu.

Malamar Fiziks:

Ƙanena bari in yi maka maganar wuta don nan ne ake ɓarna. Ƙaramar motar lantarki ce ta DC a cikinsa mai juya ƙafafun, iyakarta wajen bolt 12, tana ɗaukar wuta daga dogo ta ƙafafu, dogo ɗaya fositif ɗaya negatif, in ka juya su sai ya koma da baya. Kar ka kuskura ka jona dogon kai tsaye da batirin sola. Na farko zai fizga da cikakken gudu, kuma batiri in yana caji yana haura 14. Na biyu wanda ya fi haɗari, in ƙafa ta goce ko yaro ya ɗora cokali bisa dogo, batirin nan zai turo wutar da za ta narkar da waya har da robar da ke riƙe da dogon kafin ka ankara.

Mafi sauƙi ka roƙi yaya ya aiko maka kwantirola ta can, fulogin Ingila iri ɗaya ne da namu mai baki uku kuma ƙarfin wutar ɗaya, sai ka sa a inbata. Ta Amurka ce ba ta yi, wutarsu 120 ce. In kuma haɗawa za ka yi a nan, wurin masu kayan lantarki akwai ɗan allon rage gudun mota mai abin murɗawa, ka haɗa da makunni mai juya fositif da negatif, amma dole ka sa fis na amfiya 1 tun daga bakin batiri. Kafin komai duba kwalin, in an rubuta DCC Ready wutar da na faɗa ta yi, in DCC Fitted ne, wato an riga an sa masa na'urar sarrafawa ta dijital, ka dawo mu yi magana.

Ƙura kuwa ita ce babban aikinka, ba na ɓoye maka. Wurin da ƙafa ke taɓa dogo ɗan mitsitsi ne, ƙura kaɗan ta shiga tsakani sai ka ga yana tafiya yana tsayawa. Ka sa kafinta ya yi wa allon murfi, kan jirgin kuma in an gama a mai da shi kwalinsa. Kafin kunnawa ka ɗiga sifirit a tsumman auduga mai tsabta ka bi saman dogo, ƙafafun kuma da auduga mai tsinke. Ban da sanfefa, tana kankare dogo datti ya samu wurin zama. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa, mai ruwa ruwa wanda ba ya cin roba, in ya yi yawa shi da ƙurar hunturu sai su zama laka cikin giya. Kuma kar ka aje shi inda rana ke bugowa ta taga, zafin Afrilu namu da ke wuce digiri 40 yana lanƙwasa roba.

Baba na Gusau:

Ɗana Allah shi yi ma albarka da kat tuna da Inugu. Ni Gusau anka haihe ni, mahaihina reluwe yay yi aiki, kuma layin da yat taso Zariya ya biyo Funtuwa da Gusau yat tsaya Ƙauran Namoda tun 1929, nan dogo yaƙ ƙare, bai iso Sakkwato ba. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga na ƙasarga duk sai an kai su tasha da mota ko da jakkai da raƙumma kana su hau jirgi. Muna yara in jirgi ya tsaya shan ruwa muna tsaye muna kallon mai zuba kwal, ya buɗe ƙohwar wuta huskarshi ta yi jawur, zuhwa na zuba, shebur bayan shebur, in sun kwashe toka kuma mata su zo tsintar guntayen da ba su cinye ba su kai murhu. Kwal ɗin nan duk daga Inugu shika zowa. An gano shi wajen Udi 1909, saboda shi anka shimhiɗa dogo daga Fatakwal hal Inugu yak kai 1916. In ka gina wurin, don Allah ka hwaɗa ma ɗiyanka cewa a ramin Iva Valley ran 18 ga Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka sunka harbe ma'aikatan kwal 21 da ka neman haƙƙinsu. Mutanen da sunka haƙo abin da jiragenmu sunka ci ke nan. Kuma kada ka bar shi da ƙyalli, ni ban taɓa ganin kan jirgi mai aiki da tsabta ba, saman tukunya baƙi ƙirin da hayaƙi, wajen ƙafahu mai da toka.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai Baba, Allah shi ƙara lahiya da nisan kwana, in sha Allahu za ni hwaɗa musu. Malama na duba, DCC Ready anka rubuta. Injiniya babu silinda waje kuma bututun zagayayye na. To maganar mai da shi na Inugu hwa, kuma na ga wasu ƙanana masu ƙafa huɗu a intanet sun yi min kyau, in ƙara da su?

Injiniya Arkilla:

Masu ƙafa huɗun nan na kamfanin Peckett ne na Biristol ko Andrew Barclay na Kilmanok a Sikotilan, kamfanin Hornby mai ƙera ƙananan jirage na yin Peckett ɗin kuma kyakkyawa ne ba musu. Amma ni a Sakkwato ba zan ba ka shawarar farawa da su ba, ƙafa huɗu ke ɗaukar wuta, ɗaya ta hau robar da ke tsakiyar maraba ɗaya ta taka ƙura shi ke nan ya tsaya. Mai shidan nan ya fi haƙuri, kuɗin ka sa su a maraba da taragu tukuna.

Maganar Inugu, tsohon dogonmu ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067, ainihin babban injin da aka kwaikwayi naka da shi kuwa na dogon milimita 1435 ne irin na Abuja zuwa Kaduna, saboda haka in za a bi ƙa'ida ba ɗan nan ba ne. Masu son dogo irin namu a Niyu Zilan suna ƙira da ma'aunin 1 bisa 64 a kan dogon 16.5 ɗin nan, amma wannan sai ka ƙera jikin jirgin da hannunka. Ni dai ka bar shi da NCB ɗinsa, ka sa ƙoƙarinka a kewaye, jar ƙasa da tudu mai ciyayi da rumfunan kwano. Kwanon ka yi da takardar alminiyam ta girki ka matsa ta bisa abu mai layi layi. Kwal ka daka gawayi ka tankaɗe, ka zuba a tarago ka ɗiga farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa. Allon kuma filawud mai kauri da katako a ƙarƙashi, ka shafe shi da fenti ciki da waje don kar damina da hunturu su murɗe shi, kuma ka bar ɗan tsaga tsakanin dogo da dogo saboda ƙarfe na miƙewa da zafi.

Malamar Fiziks:

Ƙari ɗaya ƙanena, in yashin gulbi za ka tankaɗe ka zuba tsakanin dogo, fara bin sa da maganaɗisun tsohuwar sifika. Za ka ga baƙin gari ya manne, wannan in ka bar shi motar jirgin za ta jawo shi ciki. Ka bari gam ɗin ya bushe sarai, ka goge saman dogo, sannan ka ɗora jirgi.