Shin 'yancin da muke mora bashin 'yan mazan jiya ne a kanmu?

Mai buɗe muhawara: Assalamu alaikum. Duk ranar tunawa da 'yan mazan jiya ana maimaita cewa wanda ya kwana lafiya, ya tashi ya faɗi albarkacin bakinsa ba tare da fargaba ba, da jinin soja aka saya masa wannan damar. Ni dai na yarda da maganar ɗari bisa ɗari. Tun 1919 mutanen Ingila suke yin shiru na minti biyu a ranar 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, kuma ban ga aibin al'ummar da ke tuna waɗanda suka mutu dominta ba.

Malamar tarihi: Wa alaikumus salam. Malam, ban ƙi a yi godiya ba, amma a jingina dukkan 'yanci ga soja ya yi mini nauyi. Kakin da ke tsaron iyaka shi ne ya kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati a Chile a 1973, shi ne kuma ya sake yin haka a ƙasar Bama, wato Myanmar, a 2021. 'Yancin zaɓe da na 'yan jarida, sau tari ma'aikata da lauyoyi da ɗalibai ne suka ƙwato shi, wani lokaci ma daga hannun sojojin kansu.

Jikan tsohon soja: Malama, tun da kin ambaci Bama, kakana yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kai can yaƙi da Japan. Na taso na ga lambobinsa a cikin wani tsohon gwangwani, naɗe da tsumma, ba ya fito da su sai mun matsa masa. Har ya rasu, in aka yi tsawa da dare sai ya zabura ya zauna a bakin gado yana lalube, kamar mai neman bindigarsa. An ce masa don 'yancin duniya yake yaƙi, amma da ya dawo ƙarƙashin mulkin mallaka ya ci gaba da zama. To, wane 'yanci ya saya, kuma wa ya saya wa?

Malamar tarihi: Allah ya jiƙansa da rahama. Tambayarka ita ce sojojin Afirka suka yi a sansanin Thiaroye da ke kusa da Dakar, inda a ranar 1 ga Disamba, 1944 sojojin Faransa suka buɗe musu wuta saboda sun nemi haƙƙinsu da aka riƙe, alhali wasunsu daga kurkukun Jamus suka fito. Haka a Accra, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, aka harbe tsofaffin sojoji uku da ke tattaki don kai wa gwamna kukansu.

Mai buɗe muhawara: Ai Malama, kin ba ni hujja da bakinki. Tarzomar da ta biyo bayan kisan Accra tana cikin abubuwan da suka gaggauta samun mulkin kan Ghana a 1957. Ashe ko bayan sun tuɓe kaki, jininsu bai zuba a banza ba.

Malamar tarihi: A ranar nan a matsayin talakawa masu neman haƙƙi suka fito, Malam, ba bisa umarnin kwamanda ba. Kuma wannan butulci bai tsaya ga 'yan mulkin mallaka kaɗai ba: a 1932 sojojin Amurka ne suka fatattaki tsofaffin takwarorinsu da suka yi sansani a Washington suna neman a biya su kuɗin da aka yi musu alkawari, ba a amince a biya ba sai 1936.

Jikan tsohon soja: Ni dai ku ci gaba da jayayya kan wanda ya kawo 'yanci. Kakata ta yi shekaru tana hawa da sauka a wani ofishi, riƙe da takardar sallamar mijinta a leda, ana ce mata ta dawo wata mai zuwa. Malam, a lissafinka na godiya, ina za mu sa wannan takardar?