Musayar waƙa: mi za a sa farko a kasafin baɗi?

Malamin Shiya:
Assalamu alaikum. Shekara ta zo ƙarshe, lokacin da ƙananan hukumomi ke zama su tsara ayyukan baɗi su rubuta ƙiyasin kasafi. Birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ya daɗe da tsallake ganuwarsa. Yau hukumomi biyu ke riƙe da cikinsa, Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, gefensa kuma ya malala cikin Wamakko da Kware da Dange-Shuni. Da kai ne zaune a teburin nan, mi za ka sa farko? A amsa da baiti. Ban yarda da zagi ba, ban yarda da kiran sunan kowa ba.

Bismillahi, da shi nika fara,
Salati ga Manzo in ƙara.

Shekara ta zo ga gaɓa tata,
Ciyaman ya kira zaman shawara.

Birnin Bello ya wuce ganuwa,
Ya kai Arkilla, ya kai Mabera.

Wanda ag ga Kanwuri na da kuka,
Haka wanda ag ga Kasuwar Kara.

Buƙatun birni sun fi a ƙirga,
Kuɗin aiki ko sai an tara.

To ku faɗa mini, 'yan uwana,
Da wane aiki ya dace a fara?

Ɗan Ga-ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan ai ba ta buƙatar dogon tunani.

Malam, kura nika turawa,
Tun asuba ba ni tsayawa,
Ni na san inda ake ƙishirwa,
Sa ruwa farko, sauran su biyo.

Watan Afrilu in ya kama,
Zafi ya kai arba'in har sama,
Tulu ya bushe, randa ita ma,
Sa ruwa farko, sauran su biyo.

Gulbin Rima na nan gefenmu,
Dam na Goronyo na bisa kanmu,
Amma famfo ya ƙi gidanmu,
Sa ruwa farko, sauran su biyo.

'Yar Mabera:
Ruwa kake nema, Yaya? Mu neman tsari muke da shi.

Yaya mai kura, na ji kukanka,
Zo Mabera da jarkokinka,
Watan Agusta ka cika abinka,
Kyauta, har tsakar ɗakinmu.

Leda ta toshe bakin kwata,
Yashi da bola sun danne ta,
Ruwa ya rasa hanyar da zai fita,
Sai ya biyo ta ƙofar gidanmu.

Keken ɗinki mu kai shi soro,
Hadari ya haɗo mu kwan da tsoro,
Ruwa ya janye ya bar muna sauro,
Zazzaɓi ya kwantar da ɗiyanmu.

Yasar kwata aikin rani ne,
In an bari sai Yuli, banza ne,
Kuɗin su fito tun Maris, shi ne
Roƙon da muke wa shugabanninmu.

Mai Albasa:
Ƙanwata, Allah ya kiyaye gaba. Amma duk wanda ya yi magana a nan karɓa yake so ya yi. Ni ne kaɗai mai bayarwa kullum, don haka a saurare ni. Kuma wanda ya ga gobarar Babbar Kasuwa ta Janairun 2021 ba zai raina baitina na ƙarshe ba.

Ku matsa mini, ga mai albasa,
Wanda haraji bai wuce kansa.

Kullum mai rasit na bakin rumfa,
Ya karɓa, ya yaga, ya kama gabansa.

Ban ƙi biya ba, haƙƙin hukuma ne,
Amma a nuna min aikin a ƙasa.

Daga Wurno da Gada nika yo lodi,
Hanya ta karya mota da gatarinsa.

Albasa ba ta son zafi da laima,
Buhu kan ruɓe tun kan a kasa.

Rumfa mai iska, masai da fitila,
Su nika so, ba ƙofa mai ado bisa.

A bar fili tsakanin layuka,
Da motar kashe wuta za ta ratsa.

Inna Jaji:
Angona mai kura, kai da ke roƙon famfo, in ya zo da mi za ka yi min cefane? Ku matsa duka, jikokina ne ku, ku ji ta tsohuwa.

Naƙuda ba ta duba agogo,
Tsakad dare kan gan ta tafe.

Ɗakin shan magani na shiya,
La'asar ta yi, ƙofa a rufe.

Fenti sabo, allo babba,
Ciki ba kowa sai gadon ƙarfe.

Ungozoma guda munka samu,
Ta yi rana, wa zai kai mu safe?

Ku ɗauko ma'aikata, ku sa sola,
Zancen sabon gini a aje shi gefe.

Ban gama ba, akwai ɗaya.

Garin Nana Asma'u ne wanga,
Da ta aika jajoji ƙauye da karatu.

Kunya ce a ga ɗiya da tiren talla,
Sa'ad da tsaranta ka yin rubutu.

Aji ba benci, rufi na yoyo,
Hadari ya taso, sai a ba su hutu.

Ɗan Ga-ruwa:
Amarya, kar ki ji tsoron yunwa,
In famfo ya zo na huta turawa,
Fadamar Kwalkwalawa nika komawa,
In nomo shinkafa, kuɗi su biyo.

Tsohon Akawu:
Malam, a yi min izinin zube kaɗan kafin baiti, don wasu koke-koken an kai su ƙofar da ba tasu ba. Dam ɗin Goronyo na gwamnatin tarayya ne, ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Ruwan famfo na birni aikin jiha ne. Ƙaramar hukuma iyakarta rijiya da burtsatse. Abin da jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata shi ne kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, kwashe shara, magudanun ruwa da ƙananan hanyoyi da fitilun titi, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan ta sa hannu a firamare da kiwon lafiya, ko da yake a babban birnin jiha irin namu jiha kan shigo cikin wasu. Ke nan kukan 'yata ta Mabera da na Alhaji mai albasa da na Inna sun faɗo daidai ƙofa.

Kuɗi kuwa, sashe na 162 ne ya sa kason ƙananan hukumomi ke biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, 23 daga ciki namu ne na jihar Sakkwato. Hukuncin ya yi daɗin ji. To amma ko ta wace hanya kuɗin sunka biyo, ga layin da ke jiransu:

Na yi aiki cikin sakatariya,
Na san kasafi ciki da bayanshi.

Kaso in ya iso daga Abuja,
Farkon mai cin rabo albashi.

Malaman firamare, ma'aikatan lafiya,
Kowa na jiran a ba shi nashi.

Sannan fansho, sannan masarauta,
Sannan ɗan kwangila mai bin bashi.

Abin da ya saura shi ag ga aiki,
Kwata da rijiya duk a kanshi.

Ga shi ko kowane sabon shugaba
Ya fi son aikin da za a ga allonshi.

Gyaran burtsatse ba a mai biki,
Ba maroƙi, ba mai zuwa buɗe shi.

Da ni ad da alƙalamin kasafi,
Layin gyara nika fara cika shi.

Duk famfon da ya mutu a shiya,
Kafin a haƙa sabo, a tada shi.

Ɗalibin Dundaye:
Baba, Allah ya ƙara girma, mun ƙaru. Mu da ke bin hanyar jami'a an ba mu labarin ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo daga gari, kuma na yarda gulbi ya fi ƙarfin kansila. Amma lissafi bai fi ƙarfinsa ba. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, mai waya zai iya dubawa. Inda duhun yake shi ne bayan kuɗin sun sauka.

Baba Akawu, mun ji bayani,
Saura a liƙa muna shi ga bango.

Nawa ya shigo, nawa anka kashe,
Da boko da ajami, ɗango-ɗango.

In an ce an gina aji a shiya,
Mu taka mu gani, gini ne ko kango.

Ba sai ranar zaɓe ba kansila
Zai shigo lungu da shiga ta ango.

Kar a jira sai ƙarshen shekara,
Duk wata uku a yada zango.

Tsohon Akawu:
Ɗana, ban musa maka ba, a liƙa. Sai dai na sha zama a taron mazaɓa daga ni sai mai unguwa sai kujeru. A ce za a raba taki ka ga ikon Allah. Ke kuma 'yata, ga naki:

Ɗiyata ta Mabera, in tambaye ki,
Ledar nan daga sama ta sauka?

Kun sha ruwa kun jefa a kwata,
Hukuma kuke jira ta ɗauka.

Ko an yashe ranar Asabar,
Kafin Juma'a kun mai da ita tabka.

'Yar Mabera:
Baba, da girmanka, amma ba zan haɗiye wannan ba.

Baba, na yarda da laifin namu,
Amma ina mazubin sharar tamu?
Motar kwasa ba ta san layinmu,
Ina kake so mu kai bolarmu?

Ku aje mazubi bakin hanya,
Mota ta zo ranar da ta ɗauka, ɗaya,
In na zuba a kwata bayan haka, Baba, niya,
A ci ni tara gaban mutanenmu.

Inna Jaji:
Ta gaya maka, Akawu. Ni dai a nan ina bayan yarinya.

Mai Albasa:
Tunda an zo wajen tonon asiri, Baba Akawu, amsa min wannan. Kasuwa da tasha su ne gonar ƙaramar hukuma, nan take samun kuɗin shigarta na kanta.

Rasit ɗin jiya kore ne, na yau fari,
Wanne ne ke isa baitulmali cikinsa?

Tsohon Akawu:
Alhaji, ka taɓa inda ke ciwo.

Wanda ke da lamba da hatimi,
Shi ne na hukuma, riƙe shi.

Wanda ba lamba, aljihu ya nufa,
Kai da ka biya, kai ka ciyar da mai shi.

Da za a ce kowa ya biya ta banki,
Da rabin rigimar kasuwa ta tashi.

Baduku:
Na makara, ina wajen aiki. Na karanta tun daga sama, ban ga wanda ya tuna da sana'ar da ta fitar da sunan garin nan waje ba. Tunda Baba ya ce mayanka na ƙaramar hukuma ce, to ga nawa.

Kun yi ruwa, kun yi kwata,
Ba wanda ya tuna da fata.

Jar akuyar Sakkwato, 'yar asali,
Duniya ta san laushin jikinta.

Raƙuma sun ratsa Sahara da ita,
Turawa sunka ba Maroko sunanta.

Yau mai fiɗa na sauri a ƙasa,
Wuƙa ta huda, ya ɓata ta.

Wadda ta tsira daga bakin wuƙa,
Masu ganda sun babbake ta.

Majemi na zaune da bagaruwa,
Ba ƙirgin kirki da zai jiƙa ta.

Mayanka mai ruwa da daɓen siminti,
Da ƙugiyar rataya, ita nika buƙata.

Yaran shiya su koyi dukanci,
Ya fi su yini tasha ba abin yi, ba mafita.

Ɗan Ga-ruwa:
Kun ji ko? Shi ma mayankar tasa mai ruwa yake so. Inna ma ungozomarta ba ta karɓar haihuwa da busasshen hannu.

Baduku ya zo da batun fata,
Ba a jima sai da ruwa a kwatta,
Duk wanda ya zo, ƙofata ya taɓa ta,
Sa ruwa farko, sauran su biyo.

'Yar Mabera:
Yaya, in ka sake cewa ruwa, bana ɗakinka za mu kawo keken ɗinki ajiya.

Malamin Shiya:
To, ya isa haka kafin a kai ga dambe. Ni zan kwafe baitocin nan yadda suke, Baba Akawu kuma ya taimaka ya mai da su zube irin wanda ofis ke karantawa, ya ware abin da ke na ƙaramar hukuma da wanda za a tura jiha. Zan kai wa kansilan mazaɓarmu bayan sallar Juma'a. Amma mazaɓa ɗaya ba ta isa ba, tunda hukumomi biyu ne, ga kuma na Arkilla da ke Wamakko. Ina neman mutum ɗaya daga kowane ɓangare.

Ɗalibin Dundaye:
Na ɗauki Wamakko, Malam.

'Yar Mabera:
Ni da Inna za mu kai ta Kudu, in ƙafarta ta yarda.

Inna Jaji:
Angona zai biya kuɗin Keke Napep.

Mai Albasa:
Ni ba zan iya barin rumfa ba, amma ga gudummawata, daga wanda ya san darajar takarda:

Malam, in kun kai, ku yi ta kwafi biyu,
Ɗaya ta zauna, ɗaya mai kai ta ya dawo da ita gidansa.

A buga hatimi, a sa kwanan wata,
Wanda ya karɓa ya rubuta sunansa.