Injin casar shinkafa ya cinye wa ƙanena yatsu, ina za mu kai rahoto?

Ɗan Pantami: Salam jama'a. Ƙanena yana aiki a wani injin casa nan Gombe, ranar Laraba belt ya fizgi hannunsa yatsu biyu suka tafi, oga ya biya kuɗin ɗinki ya ce a bar maganar. Wallahi yaron ko cokali ba ya iya riƙewa. Ina ake kai irin wannan?

Baban Yara: Subhanallahi, Allah ya ba shi lafiya. Kar ku bar ta malam. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ma'aikaci ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi kuma mai kamfanin wajibi ne ya kai wa NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyyar ma'aikata, rahoto cikin kwana 7, in rasuwa ce ma nan take. Ku rubuta a takarda, ku riƙe kwafi, maganar baki tana da wuyar tabbatarwa.

Yar Bolari: Ku adana katin asibiti da rasit, ku ɗau hoton hannun tun yanzu. Neman diyyar cikin shekara ɗaya ake yi fa.

Ɗan Pantami: Na gode yaya. To in ogan bai yi rajista da su ba fa?

Baban Yara: Laifinsa ne wannan, ba na yaron ba. Ku je ofishin NSITF da kanku, ku kuma sanar da ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, masu duba masana'antu suna can.