Awaki nawa, tumaki nawa, shanu nawa? Kowa ya faɗi abin da ya gani a yankinsu

Ɗan Baure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar na tsaya bakin rijiyar ƙauyenmu lokacin da dabbobi ke dawowa daga kiwo. Kafin saniya ɗaya ta wuce, awaki kusan goma sun wuce, tumaki kuwa ba su kai rabin awakin ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce kafin farin 1973 duk mai rufin asiri a garin yana da 'yan shanunsa. Fari ya kwashe su, na 1984 ya ƙarasa sauran. Akuya ce ta tsallake, don ita ko ciyawa ta ƙare tana miƙewa ta ci ganyen aduwa da magarya, ta tsinci 'ya'yan gawo. Shin haka abin yake a wurarenku?

Maman Hafsa, Daura:
Wa'alaikumus salam Malam. Ai ka ƙirga na bakin rijiya ne kawai, na cikin gida fa? A gidanmu mu mata huɗu ne, kowacce da turkenta. Maigida yana da bijimai biyu na huɗa da rago ɗaya, mu kuwa awakinmu sun kai goma sha bakwai. Da akuya ɗaya na fara, wadda innata ta ba ni bayan aurena. Wata biyar take haihuwa, sau da yawa tagwaye. Da 'ya'yanta na yi wa babbar 'yata kayan ɗaki, da su nake biyan kuɗin magani ba tare da na roƙi kowa ba. Abin da ke ci mini rai, in an zo maganar dabbobi sai a tara maza a ƙofar gida a tambaye su, ba wanda ke leƙowa ya tambaye mu.

Bafatake daga Mai'aduwa:
Hajiya kin yi gaskiya. Shekara ashirin ina lodin dabbobi zuwa kudu. A kasuwarmu, awakin Nijar da ke shigowa yawanci dogaye ne masu dogon ƙafa, irin na Sahel, sai jar akuya daga wajen Maraɗi. Abin da ya ba ni mamaki farkon zuwana ƙasar Ibo, a ƙauyukansu kusan ba ka ganin saniya sai wadda muka kawo. Akuya ce ko'ina, gajeruwa ƙwarai, kai ka ce 'yar akuya ce alhali ta haihu sau uku. Ƙudan tsando ne ya hana shanunmu zama can, ita kuwa gajeruwar tana jure sammore, cutar da ƙudan ke kawowa. Ka ga arewa fari ya ba akuya rinjaye, kudu kuma ƙuda.

Manomi daga Bakori:
Mu nan kudancin jihar Katsina da ɗan bambanci. Ruwa ya fi sauka, akwai karan dawa da na masara, ga rugagen Fulani, don haka shanu sun fi na wajenku yawa. Amma ko nan in gida gida za a bi, akuya ce kan gaba. Wahalarmu damina, dole a ɗaure ta a yi mata yankan ciyawa, in ba haka ba rigima da maƙwabci.

Malamin dabbobi, Katsina:
Abin da kuka gani ya yi daidai da ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka yi a 1990: awaki kimanin miliyan 34.5, tumaki miliyan 22.1, shanu miliyan 13.9. Wato cikin waɗannan ukun akuya ta kusa rabi. Sai dai ƙirgen kai daban, nauyi daban. A lissafin aikinmu saniya ɗaya tana tsayawa madadin awaki bakwai, don haka ta fuskar nama da cin abinci shanu na nan da ƙarfinsu. Hajiya, ƙorafinki ni ma yana damuna. Cutar nan mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki tana iya share turke cikin mako biyu, tana da rigakafi, amma in mun je gari shanu ake fara kawo mana.

Ɗan Batsari:
Mu ba fari ne ya canja mana ba. Yayana shanu tara aka kora masa dare ɗaya. Tun daga nan ya rantse ba zai ƙara ajiye abin da za a hango daga nesa ba. Yanzu awaki ne a bayan ɗaki, ko su ɗin ma rabi ya kai wa ƙanwarmu cikin Katsina tana kiwata masa.

Ɗan Baure:
Allah ya mayar masa da alheri, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Maman Hafsa, Daura:
Amin. Malam likita, bara wannan cutar ta kashe mini uku, har da mai ciki. Don Allah in za ku fito rigakafi ku sa mai unguwa ya aiko yara su sanar cikin gidaje. Mu da kanmu za mu sa a fito da su.